Yadda Ake Ziyarar Tasalonika, Birnin Girka Na Bakin Teku

Duk wanda ya ce zai je Girka sai ka ji Atina ko Santorini, amma gaskiya ni Tasalonika nake fara ba mutum shawara, birni na biyu mafi girma a ƙasar, yana can arewa a bakin tekun Thermaikos. Tun shekara ta 315 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka kafa shi, sarki Kassanda ne ya sa masa sunan matarsa, wadda kuma ƴar uwar Iskandar Mai Girma ce ta wajen uba. Ga yadda za ka bi.

Na farko dai biza. Girka tana cikin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, toh sai ka tanadi fasfo mai sauran lokaci, takardar banki, inshorar lafiya ta tafiya, da shaidar otal da tikitin dawowa, kuma don Allah ka nema da wuri kar ka jira sai saura sati biyu. Lokacin zuwa kuwa, Mayu da Yuni ko Satumba sun fi daɗi. Yuli da Agusta akwai zafi da cunkoso, da sanyi kuma akwai wata iska da suke kira Vardaris mai sauka daga arewa, tana shiga har ƙashi.

Na biyu, isowa. Filin jirgin garin sunansa Makedoniya, akwai bas daga nan har tsakiyar gari, ko ka ɗauki tasi in kana da kaya. In ta Atina ka shigo to akwai jirgin ƙasa, tazarar wajen kilomita 500 ce. Ka kama masauki kusa da dandalin Aristotelous, daga nan kusan komai da ƙafa za ka je. Suna da jirgin ƙarƙashin ƙasa sabo fil da aka buɗe a Nuwamban 2024, ka shiga tashar Venizelou ko da ba inda za ka, saboda tsohon titin zamanin Rumawa da aka tono wajen haƙa yana nan a cikin tashar, an ɗauke shi lokacin aikin sannan aka mayar da shi wurinsa, mutane na wucewa suna kallo.

Na uku, kuma shi ne asalin dabarar, ka fara daga sama ka gangaro. Garin a jikin tudu yake, wanda ya fara daga teku ya ce zai hau zuwa sama da rana tsaka zai gaji tun bai ga komai ba. Da safe ka hau bas ko tasi zuwa Ano Poli, tsohuwar unguwa ta kan tudu, ka tsaya a ganuwa wajen hasumiyar Trigoniou, daga nan gari gaba ɗaya yana ƙarƙashinka, jiragen ruwa a tsaye a teku, kuma ranar da sama ta yi garau har dutsen Olympus za ka hango a tsallaken ruwa. Wannan unguwar ce ta tsira daga gobarar 1917 da ta cinye tsakiyar gari, shi ya sa har yanzu akwai lungu-lungu na dutse da gidajen katako masu baranda irin na zamanin Turkawa, ga maguna kwance a bakin ƙofofi. Ka sa takalmi mai riƙe ƙasa fa, duwatsun suna da santsi.

Kana gangarowa sai ka nufi Rotunda. Nan ne wajen da na fi so mutum ya ɓata lokaci. Gini ne zagayayye da Sarkin Rum Galerius ya yi wajen shekara ta 306, daga baya ya zama coci, sannan a zamanin Daular Usmaniyya aka mai da shi masallaci wajen 1590, kuma hasumiyar kiran sallarsa tana nan tsaye har gobe, ita kaɗai ta rage a garin da a da yake cike da su. In ka shiga ka ɗaga kai za ka ga adon ƙananan duwatsu masu ruwan zinare a jikin ƙubba, kaurin bangon ma kansa ya haura mita 6. Musulmi in ya tsaya nan dole jikinsa ya yi sanyi, don Turkawa sun riƙe garin nan tun daga 1430 har zuwa 1912, kusan shekara 500 ke nan, kuma bayan musayar jama'a da aka yi tsakanin Girka da Turkiyya a 1923 Musulman garin suka tashi. Gidan da aka haifi Mustafa Kemal Ataturk, wanda ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, a 1881 ma yana nan ba nisa, gidan tarihi ne yanzu. Ƙasa kaɗan da Rotunda akwai ƙofar Galerius da ƴan gari ke kira Kamara, matattarar ɗalibai ce.

Na huɗu abinci, a nan sai ka buɗe ido. Gyros, wato irin shawarmarsu, da za ka gani a kowane kwana galibi naman alade ne, kar kunya ta hana ka tambaya. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne kifi, ga shi kuwa a wadace, sardin gasasshe da lemon tsami da man zaitun. Da safe ka nemi bougatsa, wani fulawa ne mai laushi shafi-shafi da madara mai zaƙi a ciki, a yanka maka ƙanana a barbaɗa sukari da kirfa, ko koulouri, burodi mai zagaye da riɗi a jiki da ake saidawa a bakin titi. Kasuwar Kapani da Modiano suna kusa da juna, can za ka samu zaitun da kayan ƙamshi. Sallah kuwa ka shirya yinta a masauki, don tsofaffin masallatan irin su Hamza Bey da Alaca Imaret wuraren tarihi ne yanzu, ba a jam'i a ciki.

Na biyar, bayan la'asar ka sauka bakin teku wajen Farar Hasumiya, alamar garin ke nan. Turkawa suka gina ta, ta taɓa zama kurkuku, tsayinta wajen mita 34, kuma ana hawa har sama ta matakala mai zagaye. Daga nan ka bi titin bakin ruwa da ƙafa, ka wuce mutum-mutumin Iskandar a kan doki har wajen wasu laimomin ƙarfe na ado da kowa ke ɗaukar hoto, lokacin duk gari ya fito, tsofaffi, masu keke, iyaye da yara.

Amma fa ba a wanka a ruwan cikin gari. In iyo kake so sai ka ware kwana guda, da bazara akwai ƙananan jiragen ruwa da ke kai mutane garin Perea na bakin teku, ko ka hau bas zuwa Halkidiki inda yashi da ruwa suka fi tsabta, ka tafi da sassafe don ka samu inuwa.