Kurakuran da aka fi yi wajen sauya tsohuwar manhajar kamfanin ƙarfe

Duk kamfanin ƙarfen da ya daɗe yana aiki, ko mai narka tsofaffin ƙarafa ya fitar da rodi ne, ko mai yanka kwanon rufi da ƙera ƙofofi irin waɗanda muke da su a nan Zariya, akwai ranar da tsohuwar manhajarsa za ta gaza. Ina nufin manhajar ERP, wadda ke haɗa sito da saye da sayarwa da albashi da lissafin kuɗi wuri guda. Wani lokaci ma ba ta gaza ba, masu ita ne suka janye hannu. Kamfanin SAP ya ce zai daina kula da tsohuwar manhajarsa ta ECC a ƙarshen 2027, mai son ƙarin lokaci sai ya biya har zuwa 2030. Microsoft ya daina gyara Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025, alhali a kansu manhajojin ofisoshi da yawa suke zaune. Sauyi kam ya zama dole. Abin da ke damuna shi ne yawancin asarar da ake tafkawa ba daga manhajar take fitowa ba, daga rashin sanin yadda ƙarfe ke shiga da fita a harabar kamfanin ne.

Babban kuskure shi ne batun awo. Kamfani da tan yake saye, da tan yake narkawa, amma dillalin Sabon Gari da magini a Samaru da sanda suke ƙirga. A takarda lissafin a bayyane yake: rodi mai milimita 12 nauyin mita ɗaya kusan kilo 0.89 ne, sanda mai tsawon mita 12 ta kama kusan kilo 10.7, wato sanda 94 a tan ɗaya. Mai milimita 16 kuwa sanda 53. Sai mai dasa manhaja ya ɗauki waɗannan alƙaluma ya kafe su a ciki, ya tafi abinsa. To amma injin mirza rodi ba ya bin takarda. Idan kaurin da ya fito ya tsaya a 11.5, sanda ta koma kusan kilo 9.8, tan ɗaya ya zama sanda 102. Bambancin sanda takwas ke nan a kowane tan, a tirela mai tan 30 kuma ya haura sanda 240. Wata biyu ana haka, kwamfuta ta ce akwai kaya kaza, mai sito ya leƙa ya ga wani abu dabam, sai a fara yi wa bawan Allah kallon ɓarawo. Na sha ganin an ɓata sunan mutanen kirki a kan wannan, kuma abin yana yi mini ciwo. Gyaran shi ne tun kafin a biya ko kobo a tabbatar manhajar tana riƙe awo biyu ga kowane ɗauri, yawan sanda da ainihin nauyin da sikeli ya nuna. A kuma haɗa sikelin da ake auna motoci da manhajar kai tsaye, kada wani ya karanta lamba ya rubuta a takarda, wani ya buga da yamma.

Haka batun abin da ke raguwa a wuta. Ƙarfen da aka zuba ba shi ke fitowa daidai ba: wani ya tafi a ɓawon da ke zubewa, wani a guntayen bakin da ake yankewa, wani ya lanƙwashe a inji. Guntayen nan dukiya ce, don za su koma tukunya ko a sayar wa 'yan jari-bola. Manhajar da ba a koya mata rubuta su a matsayin kaya ba, za ta nuna kuɗin samar da tan ɗaya ba daidai ba, mai kamfani kuma ya sa farashi a kan lissafin ƙarya. Kada kuma a manta da lambar narki, wato lambar da ake ba kowane zubi na ƙarfen da aka narka. Ranar da injiniya ya dawo da ƙorafin rodi ya karye, ko jami'an hukumar SON mai kula da ingancin kaya suka zo da tambaya, lambar nan ce za ta nuna daga wace tukunya kayan suka fito da kuma wa da wa aka sayar wa.

Sai kwashe tsofaffin bayanai yadda suke a juye cikin sabuwa. Ka buɗe tsohuwar manhaja ka ga abu ɗaya da suna huɗu: "rodi 12", "Y12", "12mm", "sha biyu". Dillali ɗaya an buɗe masa shafi da sunansa, wani da sunan shagonsa, wani da sunan yaronsa mai zuwa ɗaukar kaya, bashinsa ya rabu uku, babu wanda ya san jimla. Wannan tankaɗe da rairaya ba aikin 'yan kwangilar dasa manhajar ba ne, domin ba su san kowa ba. Akanta da mai sito da mai sayarwa ne za su zauna su tace. Abin da ya kamata ya haura zuwa sabuwar shi ne ragowar kaya, bashin da ake bi da wanda ake bin kamfani, da odar da ba a kammala ba. Tarihin shekarun baya a bar shi a tsohuwar, a kulle ta yadda za a iya karantawa amma ba a iya taɓawa.

Akwai kuma masu cewa sai sabuwar ta yi komai sak yadda tsohuwar take yi. Lidl, babban kamfanin kantuna na Jamus, ya shafe kusan shekara bakwai yana lanƙwasa manhajar SAP don ta bi tsarinsa na ƙiyasta kaya, a 2018 ya haƙura ya watsar bayan an ruwaito ya kashe kusan Yuro miliyan 500. Kowane gyara na musamman da aka cusa, sai an sake biyan kuɗinsa duk lokacin da aka sabunta manhajar. A ganina wurin da ya cancanci gyaran musamman a kamfanin ƙarfe kaɗan ne, awo biyu da sikeli da lambar narki. Sauran, irin su takardar neman saye da harajin VAT da ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020, a bi yadda manhajar ta zo da su.

Ranar sauyi ma ana wasa da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya: kafin ranar a yi gwaji da ainihin rasitan wata guda da ya wuce, daga shigowar mota har rufe lissafi, a ga ko jimlar ta yi daidai da ta tsohuwar. A ƙirga sito da hannu, ɗauri-ɗauri, a daren da za a sauya. Kada a zaɓi tsakiyar rani lokacin da gine-gine suka kankama tireloli na layi a ƙofa, ko jajiberin Sallah da rabin ma'aikata suka tafi gida. Farkon wata a tsakiyar damina ya fi sauƙi.

Wuta da intanet kuwa kowa ya san halinsu. Idan manhajar a intanet take zaune, a tanadi layi biyu na kamfanoni dabam-dabam, a kuma tambaya tun farko ko ofishin sikeli zai iya ci gaba da aiki idan layi ya yanke. Idan a ofis take, a sa mata inbata ko sola, a riƙa ajiye kwafin bayanai a wani wuri da ba harabar kamfanin ba. Lasisin da ake biya da dala kuma a yi masa lissafin shekara biyar, don wanda ya ƙulla yarjejeniya kafin a saki Naira a Yunin 2023 ya ga yadda kuɗin ya ninka.

Koyarwa ita ce ake bari ƙarshe, a tara mutane kwana biyu a yi musu bayani da Turanci. Mai sito ya ce, "Ranka ya daɗe, mun gane," don kunya, washegari ya koma kan tsohon littafinsa. A koya wa kowa aikinsa kaɗai, da Hausa, a kan kwamfutar da zai yi aiki da ita, kowa kuma da lambar sirrinsa, ba guda ɗaya da ofis duka ya haddace ba. Zariya ba ta rasa matasan da za su riƙe wannan aiki ba, ga waɗanda suka karanta kwamfuta da injiniyancin ƙarafa a Jami'ar Ahmadu Bello, ga na Kwalejin Nuhu Bamalli. A ɗauki biyu ko uku su zauna da 'yan kwangila tun ranar farko, don idan sun tafi ilimin ya zauna a gida. A yarjejeniyar kuma a rubuta cewa kason ƙarshe na kuɗin ba zai fita ba sai an rufe lissafin wata a sabuwar manhajar, abin da ke kwamfuta ya yi daidai da abin da ke jibge a sito.