Yadda ake tace maniyyin da DNA ɗinsa ya tsintsinke kafin haɗa shi da ƙwai

Namiji zai iya kawo sakamakon gwaji mai kyau, yawa ya kai, motsi ya kai, amma ciki ya ƙi shiga, ko ya riƙa zubewa a watannin farko. Wani lokaci matsalar tana cikin kan ƙwayar maniyyin ne, inda zaren DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, ya tsintsinke. Gwajin SCSA ko TUNEL ke nuna haka. Idan lalatattun ƙwayoyi sun kai kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, dole a sake dabarar tace maniyyin a ɗakin gwaji kafin a haɗa shi da ƙwan mace.

Aikin daga gida yake farawa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 kafin gwaji, amma mai wannan matsala kwana ɗaya ya ishe shi kafin ranar da za a tace maniyyin. Maniyyin da ya daɗe a ma'ajiyarsa ta bayan maraina yana shan illar wasu sinadaran oksijin masu cin DNA. Wasu asibitocin ma zubi na biyu suke karɓa, bayan sa'o'i kaɗan. In an karɓi maniyyin, a bar shi ya narke kamar minti 30, kada a wuce awa ɗaya ba a taɓa shi ba.

Idan yawa da motsi suna da kyau, hanyar iyo ta fi sauƙi. A zuba mililita 1 na maniyyi a bututu, a ɗora mililita 1.2 na ruwan raino, wato ruwan da ake raya ƙwayoyin a cikinsa, a kansa a hankali, a karkata bututun digiri 45, a ajiye awa ɗaya a zafin digiri 37. Masu ƙarfi za su iyo su hau sama. A miƙe bututun ba tare da girgiza ba, a tsotse mililita 1 na saman. Babban kuskure a nan shi ne a fara wulwula ɗanyen maniyyi a injin da ke juya bututu da gudu kafin iyo: lafiyayyu za su cushe wuri ɗaya da matattu da fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne ke fitar da sinadaran ɓarnar.

In maniyyin ya yi ƙaranci ko datti, sai tacewa mai hawa biyu. Mililita 1 na ruwan silika mai kashi 80 a ƙasa, mililita 1 mai kashi 40 a kansa, maniyyi a sama. A ɗaga bututun wajen haske, dole a ga layin da ya raba hawan biyu. In ya ɓace, a zubar a sake. A wulwula a ƙarfin 300 zuwa 400 g (ma'aunin ƙarfin juyin inji) na minti 15 zuwa 30, a kwashe ruwan sama, a ɗauki abin da ya kwanta da sabon tsinken tsotsa, a wanke a mililita 5 na ruwan raino a 200 g. Ƙara gudun inji don a samu ƙwayoyi da yawa ƙara ɓarna ne kawai.

Shi ya sa ga irin wannan majiyyaci ƙaramin faifan tacewa irin ZyMot ya fi kwanta rai. Babu wulwulawa sam: ƙwayoyin ke ratsa tantani mai ƙananan ramuka da kansu cikin minti 30. Sai dai yana da tsada, kuma rage tsintsinkewar DNA bai nufin haihuwa ta tabbata.

Akwai kuma zaɓen ƙwayar da ta manne wa sinadarin hayaluronan, wanda ake samu a kewayen ƙwan mace, kafin allurar ICSI, wato cusa ƙwayar maniyyi ɗaya cikin ƙwai da allura. Binciken HABSelect na Birtaniya, da aka wallafa a 2019, bai ga ƙarin haihuwar cikakken ciki ba, amma ɓari ya ragu.

Ko wace hanya aka bi, kada tataccen maniyyi ya zauna sa'o'i a digiri 37, lalacewar ƙaruwa take yi. In an yi ICSI ya ƙi sau da sau, likita kan ɗebo ƙwayoyi kai tsaye daga maraina, domin can tsintsinkewar ta fi ƙanƙanta. Kafin a kai ga haka, a duba kumburin jijiyoyin maraina da ciwon sanyi, a bar sigari. Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta ƙosa, don haka sai bayan wata uku za a sake gwaji.