Babi na 6: Neman Sabis a Garin Makka

Darasi na 1: Abin da ke tare sabis

Iyayena da yayyena, ku ɗauki wayoyinku, ku dubi can sama a kusurwa. Akwai 'yan sanduna a jere, daga gajeriya zuwa doguwa. Su ke nuna ƙarfin sabis.

Sabis daga dogon turken ƙarfe yake zuwa, irin na kamfanonin waya STC ko Mobily ko Zain da kuke hange a kan tudu ko a saman bene. Ba ya ratsa dutse. Makka kuwa a kwari take, duwatsu sun kewaye ta, gidajenmu da yawa a jikin dutse suke. In dutse ya shiga tsakaninku da turken, sai ya tare sabis kamar yadda yake tare rana da yamma. Bangon siminti mai rodi shi ma yana rage shi. Ɗakin ƙasa marar taga ya fi ko'ina wahala.

Darasi na 2: A duba kafin a tura

Hajiya, kina so ki tura wa 'yarki saƙon murya a Kano. Kada ki danna tukuna. Dubi sanduna. Ɗaya ce? Tashi ki je bakin taga, ki ɗan dakata waya ta kama, ki sake duba sanduna. Ba su ƙaru ba? Hau rufin gida, ki fuskanci inda babu dutse, ki sake dubawa. Sai sun kai 3 ko sun cika za ki danna. Sannu a hankali, kowa zai iya.

Mu sake. Me za ki fara yi? Duba sanduna. In kin matsa fa? Ki sake duba su.

Amma don Allah, wannan dannawa sau goma daga kan katifa a daina ta. Kullum ana faɗa, kullum sai an kawo mini waya wai ta lalace. Lafiyarta ƙalau, ba a duba sanduna ba ne!

Darasi na 3: Lifta da ramin mota

Lifta akwatin ƙarfe ce, sabis yakan yanke a ciki. Wasu ramukan mota na cikin dutse ma haka. A bari sai an fito, a duba sanduna.

Darasi na 4: Lokacin Hajji

A Mina sanduna kan cika, amma saƙo ya yi jinkirin tafiya, saboda jama'a sun yi wa turken yawa. A ɗan jira, a sake gwadawa.