Yadda ake tsayar da ɗigon ruwa cak a hoto da filasha

Da yawa sun ɗauka saurin shata, wato labulen da ke buɗewa ya rufe cikin kyamara don haske ya shiga, ne ke kama ɗigon ruwa a iska, to gaskiya filasha ce ke yin aikin. Cikinta akwai ɗan bututun gilashi mai iskar zenon, batir ya cika kafasita (ɗan ma'ajiyar lantarki) da wuta kamar bolt 300, kana dannawa sai ta juye cikin bututun, haske ya yi wal ya ɗauke. In ɗakin da duhu, abin da wannan walƙiyar ta haska shi kaɗai zai fito a hoton.

Da farko ka rufe taga ka rage fitila. Zuba ruwa a faranti mai ɗan zurfi, ka rataye leda da ruwa a samansa ka huda ta da allura ta riƙa ɗiga wuri ɗaya. Kyamara kuma a kan ƙafarta, ba a hannu ba.

Sai fokas. Tsoma bakin biro daidai inda ɗigon ke faɗawa, ka saita a kansa, sannan ka kashe otomatik, in ba haka ba lens ɗin zai ta kai da komo yana neman abin da ya riga ya wuce.

Saitin kyamara: ISO (yadda take jin haske) 100 ko 200, faɗin kafar lens f/8 zuwa f/11, shata 1/200 na daƙiƙa. Kar saurin shata ya wuce nan, yawancin kyamarori iyakarsu da filasha 1/200 ne ko 1/250, ka haura sai ka ga baƙin layi ya cinye gefen hoton.

Yanzu ga inda ake yawan kuskure, mutum ya ƙure ƙarfin filasha wai don ya samu haske. A'a, rage ta za ka yi zuwa 1/64 ko 1/128, saboda a cikakken ƙarfi hasken kan daɗe kusan 1/1000 na daƙiƙa ko ma fiye, in ka rage kuwa yakan koma ƙasa da 1/10000, wannan gajartar ita ke tsayar da ruwan. Hasken zai yi kaɗan kam, sai ka matso da ita kusa, ka haska farar takarda a bayan farantin maimakon ruwan kansa. Daga nan ka yi ta dannawa, akasari za su fito fanko, haka abin yake. Fitilar waya ba za ta yi ba fa, LED ce, haskenta na daɗewa.

Harold Edgerton na jami'ar MIT a Amurka da irin wannan dabarar ya ɗauki sanannen hotonsa na ɗigon madara mai kama da kambi a 1957, kai ma gwada madara, ta fi ruwa kauri, siffar ta fi fitowa.

In filasharka na da tsarin walƙiya a jere irin na fitilun gidan rawa, kar ka kunna kusa da mai farfaɗiya, walƙiya 3 zuwa 30 a daƙiƙa kan tayar wa wasu da ciwon. Kuma ko ta lalace kar ka kwance ta da kanka, kafasitar na riƙe wuta ko bayan an cire batir.