Yadda za ka riƙe zuciyarka idan kana son wadda ba ta san kana yi ba

Malami yana ta bayani a gaban allo, kai kuwa hankalinka yana kan bencin da take zaune. Da safe ta ari biro a wurinka ta yi murmushi, ga shi har dare kana juya murmushin nan a ranka. Ƙanina, ga matakan da za su taimake ka. Ke ma ƙanwata, duk abin da zan faɗa ya shafe ki.

Da farko, daina zargin kanka. Wannan ba hauka ba ne, ba kuma lalacewa ba. A shekarun balaga, sashen ƙwaƙwalwa mai neman jin daɗi yana aiki da ƙarfi, sinadarin dofamin yana sa ka ɗokin sake ganinta. Sashen gaban ƙwaƙwalwa kuwa, mai auna abu da taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Shi ya sa abin yake zo maka da nauyi haka.

Na biyu, kuma nan ne babban aikin, raba abin da ya faru da abin da ka saƙa a zuci. A 1979 wata masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar Amurka, Dorothy Tennov, ta fitar da sakamakon bayanan da ta tattara daga ɗaruruwan mutane a kan irin wannan so mai cin rai. Ta lura cewa rashin tabbas ne ke rura shi. Yau ta yi maka fara'a ka ji kamar an ba ka duniya, gobe ta wuce ba ta kalle ka ba ka kasa cin abinci, jibi kuma ka koma neman wata alamar. Saboda haka ɗauki takarda ka raba ta biyu. A gefe guda rubuta abin da ta yi: “Ta amsa saƙona da kalma ɗaya bayan awa biyar.” A ɗaya gefen rubuta fassarar da ka yi masa: “Kunya take ji, amma tana sona.” Sai ka karanta gefen farko kaɗai. Wa ke fara magana kullum? Ta taɓa tambayar lafiyarka ba tare da kai ka fara ba? Ka san abin da ke ɓata mata rai, ko fuskarta da muryarta kawai ka sani? Sau da yawa za ka tarar wadda kake so ɗin, rabinta kai ka ƙera ta.

Na uku, rage leƙe. Duba hotunanta a Instagram, da bibiyar lokacin da ta hau WhatsApp, da sake karanta tsohuwar hira, duk zuba wa wuta fetur ne. Ba sai ka toshe ta ba, ɓoye abubuwan da take sakawa ya isa. Da dare ajiye wayar nesa da gado. Matashi yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma wanda bai yi barci ba komai ƙanƙantar damuwa girma take yi masa.

Na huɗu, faɗa wa mutum ɗaya mai riƙe sirri, yayanka ko aminin da ka gwada. Kada ka mai da shi ɗan aike, don kafin a tashi makaranta duk aji sun ji, ita kuma ka jefa ta cikin kunyar da ba ta nema ba.

Na biyar, yanke shawara: ko ka faɗa mata sau ɗaya, ko ka haƙura. Duka biyun sun fi zaman tsammani. Idan faɗa za ka yi, yi shi a natse ba a gaban ƙawayenta ba, kuma a taƙaice: “Kina burge ni, ina so in ƙara saninki. In ba ki da ra'ayi, ba komai.” Daga nan ka karɓi amsar yadda ta zo. “A'a” amsa ce. “Mu tsaya a abokai” amsa ce. Shiru ma amsa ce. Ni ban yarda da masu cewa naci ke sa a samu ba. Kira da wata lambar, da tare hanya, da kyauta a kan kyauta ba sa haifar da so, tsoro suke sakawa. Ba ta yi maka laifi ba don zuciyarta ba ta karkata gare ka ba, kai ma ƙin da ta yi bai rage maka daraja ba.

Na shida, koma wa abubuwan da ka watsar: ƙwallo, karatu, abokan da ka daina nema. Zai yi zafi na ɗan lokaci, in kuka ya zo ka yi abinka.

Akwai inda bai kamata ka riƙe abin kai kaɗai ba. Idan wanda kake so babba ne da ya girme ka sosai, ko malaminka ne, ko wani ya fara neman hotunan tsiraicinka yana cewa ka ɓoye, sanar da babban da ka yarda da shi nan take. Haka kuma idan aka yi mako biyu ko fiye ba ka iya barci, ba ka cin abinci, ba ka son zuwa makaranta, nemi iyayenka ko mai ba da shawara a makaranta su kai ka wurin likita. In tunanin cutar da kanka ya zo maka, kada ka jira mako biyun, faɗa a ranar.