Babi na 6: Daga Kano zuwa Jidda a Jirgin Sama

Darasi na 1: Nisa da gudu

Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa Jidda kusan kilomita 3,400 ne. A karanta da ƙarfi: dubu uku da ɗari huɗu. Waƙafin da ke bayan 3 ba lamba ba ne, yana raba dubu da ɗari ne kawai.

Babban jirgi yana cin kamar kilomita 850 a awa ɗaya. A rubuta a allo: 3,400 ÷ 850 = 4. Alamar ÷ tana nufin a raba. Sai dai jirgi ba ya yin cikakken gudu wajen tashi da sauka, don haka a sa awa huɗu da rabi zuwa biyar. A 2023 yaƙin Sudan ya sa jiragen alhazai kewaye, tafiyar ta ƙara tsawo.

Darasi na 2: Agogo biyu

Nan ne kowa ke tuntuɓe, kuma ba abin kunya ba ne. Agogon Saudiyya yana gaba da namu da awa 2. Ƙarfe 10 na safe a Dutse ko Wudil, ƙarfe 12 ne a Makka. Lokacin tashi da ke kan tikiti agogon garin da aka baro ne, na sauka kuwa agogon garin da aka je.

Misali: tashi daga Kano 10:00, sauka a Jidda 17:00. In lambar ta wuce 12, a cire 12: 17 − 12 = 5, wato biyar na yamma. Daga 10 na safe zuwa 5 na yamma awa 7 ke nan. Awa 7 aka yi a sama? A'a. A cire 2. Awa 5.

Sannu a hankali, Baba, a sake. Tashi 08:00, sauka 15:00. Tsakani 7. A cire 2. Nawa? Madalla, Iya, 5 ne.

Kuma: tashi 13:00, sauka 20:00. Tsakani 7, a cire 2.

Wajen dawowa ƙarawa ake yi. Tashi daga Jidda 09:00, sauka a Kano 12:00. Tsakani 3, a ƙara 2, awa 5. Tafiya cirewa, dawowa ƙarawa. A maimaita sau uku.

Haba jama'a! Har yanzu akwai masu rubuta 7. Wanda yake hirar farashin gero ana darasi, shi zai sa iyalinsa su yi ta buga waya suna zaton jirgi ya ɓace. A goge, a cire 2 ɗin nan.

Darasi na 3: Kano zuwa Abuja

Kamar awa ɗaya. Agogon ɗaya ne, ba cirewa, ba ƙarawa.

Darasi na 4: Jinkiri

Hazo lokacin hunturu yakan hana jirgi tashi a kan lokaci. A tambayi ma'aikata.

Aikin gida: tashi daga Kano 11:30, sauka a Jidda 18:30. Awa nawa?