Kakar da muka sha kashi a kwando a Madina: inda muka yi kuskure da yadda za ku gyara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka rufe kakar nan ƙannenmu sababbin ɗalibai suke tare ni a sakan, wato masaukin ɗalibai, suna tambaya, Yaya wai me ya faru da tim ɗin kwando ne haka, ga ku da dogaye ga masu gudu amma kullum sai dai a dawo a bas kowa ya yi shiru. To yau na ce bari in zauna in rubuta duka, saboda ni dai na kusa gama karatu in koma gida, kuma wallahi ba na so ku sake faɗawa ramin da muka faɗa. Ba zan ambaci sunan jami'a ko na kowa ba, wanda ya sani ya sani.

Abu na farko da nake so ku cire a ranku shi ne wai tsawo ne ya kashe mu ko alƙalin wasa. Mun fi rabin waɗanda suka doke mu tsawo. Abin da ya cinye mu ƙananan abubuwa ne da suke hannunmu, kuma babbansu shi ne shiru. Mu Hausawa an tashe mu da kunya da kawaici, abu ne mai kyau a zaure da gaban malamai, amma a cikin fili yana kashe tim. Mutum yana kallon ɗan wancan ɓangaren ya zo zai tare wa abokinsa hanya, abin da ake cewa sikirin, amma ba zai buɗe baki ya ce ga shi nan ta hagunka ba, sai dai abokin ya yi karo da ƙirjin mutum, wanda abokin ke tsaro ya sulale ya jefa a kwando, sannan a tsaya ana kallon juna. Ga kuma matsalar yare, a tim ɗinmu akwai 'yan Najeriya da Nijar da ɗan Chadi da ɗan Senegal da 'yan uwanmu Hausawan da aka haifa a nan ƙasar waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu, to wani ya yi ihu da Hausa wani da Faransanci wani da Turanci, kafin a fahimta an riga an ci mu. Gyaran ba shi da wuya ko kaɗan, mu ne muka makara. Ku zauna tun ranar farko ku zaɓi kalmomi biyar ko shida gajeru da Larabci tunda shi ne kowa ke ji, yamin wato dama, yasar wato hagu, baddil idan za a yi musayar wanda ake tsaro, ma'i idan ka ɗauki mutum, sa'id idan kana neman taimako. Kuma a tirenin duk wanda aka wuce shi bai yi magana ba a maimaita wasan daga farko har sai baki ya saba.

Kunyar nan tana da wata fuska da ta fi wannan ciwo, kuma ita ce na fi so in daɗe a kai. Muna da manya a tim, waɗanda suka riga mu zuwa da shekara uku huɗu, wasu ma suna matakin majistir, wato digiri na biyu, su ne suka tarbe mu a filin jirgi suka nuna mana inda ake karɓar mukafa'a, wato alawus ɗin ɗalibai, da yadda ake sabunta iƙama, wato takardar izinin zama. To ranar wasa babba ya gaji yana haki, ƙafarsa ba ta ɗagawa, kowa na gani, ga yaro ɗan shekarar farko a benci jininsa na tafasa, amma babu wanda zai iya cewa Ustaz ka fito ka huta. Kocin ma da yake ɗalibi ne kamarmu nauyinsa yake ji. Haka muka yi ta zubar da kwata ta huɗu. Ni ban ce a raina manya ba, Allah ya kiyaye, amma girmamawar da za ta sa a bar mutum ya ji kunya a gaban jama'a yana bin yaro a baya ba girmamawa ba ce. Abin da ya kamata shi ne a rubuta tsarin canji a takarda kafin a bar sakan, wane zai fita a minti na shida wane zai shiga, babban da kansa ya karanta wa kowa, shi kenan ba wanda zai ce an ci masa fuska. A dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, wadda ake bi a nan, kwata huɗu ce kowacce minti 10, kuma canji ba shi da iyaka, wanda ya fita zai iya dawowa, ba kamar tamaula ba ne. Don haka fita hutun minti uku ba korar mutum ba ce.

Tunda na ambaci tamaula, kusan dukkanmu daga can muka fito, kuma hakan ba aibi ba ne, shahararren ɗan kwandon nan Hakeem Olajuwon ma gola ne a Legas kafin ya kama kwando. Amma akwai ɗabi'un da muke tahowa da su. Kowa ya ruga inda ƙwallo take, mutum huɗu a lungu ɗaya, alhali filin mita 28 ne a tsawo 15 a faɗi, in kun cunkushe mutum biyu sun ishe ku tsaro. Ku baje, tsakanin kowane biyu a samu taku huɗu zuwa biyar, in ka ba da fas kada ka tsaya kallo, ka yanka zuwa kwando ko ka koma gefe. Sai yawan taku, mutum ya kama ƙwallo ya ɗaga ƙafar da ya kafa kafin ya saki ƙwallon a ƙasa, usur kawai za ka ji. Minti goma a kowane tirenin na kafa ƙafa da juyawa ya isa ya kawar da wannan cikin wata guda.

Sai jifan maki uku. Kowa ya kwana yana kallon Stephen Curry, gwanin jifa daga nesa na Amurka, a YouTube ya wayi gari yana son ya harba daga tsakiyar fili. Layin nan mita 6.75 ne daga kwando, ba kusa ba ne. Ku yi lissafi da kanku, wanda ya jefa goma daga waje ya ci uku ya kawo maki 9, wanda ya jefa goma daga ƙarƙashin kwando ya ci biyar ya kawo 10, kuma shi na cikin yana jawo fawul. Yawancinmu ko biyu cikin goma ba ma ci. Ban ce a daina ba, amma sai wanda aka ƙirga masa a tirenin aka ga hannunsa ya zauna, kuma sai ƙwallo ta fara shiga ciki ta fito. Agogo yana ba ku daƙiƙa 24, mu kuma muna harbawa a ta bakwai kamar ana korarmu.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne ribaun, wato cafe ƙwallo idan an jefa ba ta shiga kwando ba. Dogayenmu suna tsayawa suna jiran ƙwallo ta faɗo musu a hannu, gajeren ɗan wancan tim ya zagayo ta baya ya ɗauke, agogonsu ya koma 14 su sake gwadawa, wani lokaci sau uku a hari ɗaya. Da zarar an harba, ba sama za ka fara kallo ba, mutuminka za ka nema, ka juya masa baya ka manna shi ka buɗe hannu, sannan ka ɗaga kai. Wannan ba ya buƙatar baiwa, zuciya kawai yake so.

Jifan fawul kuwa, wato wanda ake ba ka kai kaɗai a layi ba mai tare ka, mun ɗauke shi abin wasa. Mukan yi shi a farkon tirenin ana hira ana dariya jiki a sanyaye, alhali a wasa kana zuwa layin ne kana haki gumi na shiga ido. Ku tuna abin da ya samu Jami'ar Houston a wasan ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka a 1983, ga Olajuwon ga Clyde Drexler, kowa ya ba su kofi tun kafin a fara, amma kocin North Carolina State, Jim Valvano, ya sa yaransa suka riƙa yi musu fawul da gangan a ƙarshen wasa saboda ya san hannunsu ba ya zama a layi, suka zubar, aka doke su 54 da 52. In hakan ta faru da waɗannan, mu su wa? Gyara shi ne a ƙarshen tirenin bayan an yi gudu, kowa ya jefa biyu-biyu kamar a wasa, a rubuta a littafi, wanda ya zubar duka biyun tim gaba ɗaya ta sake zagaye fili. Kuma ka samu tsari ɗaya da ba ka canzawa, buga ƙwallo sau uku, numfashi, bismillah, saki.

Maganar alƙalin wasa, eh akwai ranar da aka zalunce mu, ban musa ba. Amma laifi tudu ne. Mu ne muke miƙa hannu muna duka maimakon mu matsa da ƙafa, fawul biyar mutum ya fita ke nan, kuma da zarar tim ta cika huɗu a kwata ɗaya duk fawul ɗin tsaro da ya biyo baya jifa biyu ne kyauta. Akwai wasan da dogonmu ya tara uku tun kafin hutun rabi, ya juya yana yi wa alƙali magana da hannu, aka ƙara masa na rashin ɗa'a, shi ma yana shiga lissafin biyar ɗin. Kyaftin kaɗai ya yi magana, cikin ladabi, lokacin da ƙwallo ta mutu. Wani abin kuma, masu kallon NBA, babbar gasar kwando ta Amurka, suna ɗaga hannu a cikin fili wai suna neman hutun koci, a dokar FIBA ɗan wasa ba ya nema, koci ne ke zuwa teburi, biyu a rabin farko uku a na biyu. Kocinmu yakan adana su har a tashi, alhali lokacin da aka zuba mana maki takwas a jere shi ne lokacin tsayar da wasa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya shafi zamanmu a nan ƙasar. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu haka muka yi. Ijaza, wato hutun makaranta, ta zo kowa ya watse, wasu gida wasu Makka wasu hidimar alhazai da masu umara, aka dawo jiki ya yi nauyi da kabsa da mandi da Al Baik, sati biyu aka ce ga gasa. Zafin Madina kuma kun san shi, da rani yana haura digiri 40, ba wanda zai fita gudu da rana, to sai bayan Asuba ko bayan Isha'i, ko da minti ashirin ne sau uku a mako lokacin hutu. Da azumi ya shigo sai muka ajiye tirenin gaba ɗaya, wannan ma kuskure ne. Olajuwon yana azumi ya zama gwarzon watan Fabrairu na 1995 a NBA, ban ce ku kwatanta jikinku da nasa ba, amma azumi ba dalilin kwanciya wata guda ba ne. Bayan an dawo daga tarawihi a Harami a yi awa ɗaya mara nauyi, jifa da fas da kafa ƙafa, a sha ruwa kaɗan-kaɗan daga buɗa baki har sahur, a rage shayi da lemon kwalba. Lokacin iktibar, wato jarrabawa, ma haka, a rage amma kada a yanke, karatu shi ya kawo mu kuma shi ne gaba, sai dai rabin awa ba za ta kayar da kowa ba. Takalmi kuma dan Allah, mutum biyu muka rasa da targaɗe saboda takalmin gudu da ba ya riƙe idon sawu, ku haɗa kuɗi daga mukafa'a ku saya ko da na hannu ne, ku riƙa goge ƙurar fili kafin a fara.

Bayan shan kashi na uku ko na huɗu sai guruf ɗin WhatsApp ya zama kotu. Wane ya cika son kai, wane ba ya ba da fas, a tura saƙon murya na minti biyar da tsakar dare. 'Yan benci suka ga ba a sa su kuma ga faɗa, suka daina zuwa, muka wayi gari mu bakwai a tirenin, ba a iya yin biyar da biyar, to ta ina za a gyara? Wannan ya fi duk wani kuskuren cikin fili illa. Ku sa doka, daren da aka sha kashi ba mai rubuta komai sai lokacin tirenin na gaba. Ku sa wani ya ɗauki wasan da waya daga sama, washegari a zauna a ɗaki ɗaya a kalla, kowa ya fara faɗin nasa kuskuren kafin ya taɓa na wani. Kuma a kalli wasan manya da ido, kulob ɗin Uhud na nan garin an san shi da kwando tun da daɗewa, ku je ku zauna kusa da fili ku ji yadda suke magana a tsaro, abin da talabijin ba ya kawowa ke nan.

Ga ƙanina ɗan shekarar farko da ya same ni bayan wasan ƙarshe idonsa ya yi ja yana cewa Yaya ni na haƙura da kwando, na ba shi labarin tim ɗin jami'ar Caltech a Amurka, sun yi shekara 26 ba su ci wasa ko ɗaya a rukuninsu ba, wasa 310 a jere, sai a Fabrairun 2011 suka doke Occidental 46 da 45, kuma da jifan fawul aka ci a daƙiƙun ƙarshe. Jami'ar Virginia ma a 2018 tana kan gaba a ƙasar aka fitar da ita a wasan farko na gasar jami'o'in Amurka da 74 da 54, shekarar da ta biyo ta ɗauki kofin. Ya yi shiru ya ce to yaushe za a fara. Na ce masa Asabar bayan Isha'i, ya zo da littafi da biro shi zai riƙa rubuta jifan kowa, ƙwallaye biyu da famfo suna ɗakina a hawa na uku, duk wanda zai riƙe su bayan tafiyata ya zo ya karɓa.